Alaben da na ɗauka daga rumfar Sahabi bai bushe ba

Shekara shida ke nan a wannan watan da muka kai Sahabi Baduku makwancinsa a Talata Mafara. Ciwon suga ne ya kwantar da shi. Ya fara taɓa masa ƙafa, daga baya ya taɓa ido. Duk shekara in watan ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in yi masa addu'a in mayar da biron aljihu. Bana na ga ni ma ƙarfi yana ja da baya, ga kuma wata magana da na daɗe ina dannewa. Shi ya tafi bai faɗe ta ba. Ba na so ni ma in tafi da ita.

Sunana Labbo, malamin dabbobi ne ni, makiyaya na kirana Likita, na yi ritaya. Aikina duka a kan babur na yi shi, ina bin rugage tsakanin Mafara da Bakura da Maradun ina yi wa shanu allurar rigakafi. Sahabi kuwa katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu tun muna yara. Ya gaji dukanci wajen mahaifinsa, ya gaji rumfar ma, can layin dukawa a kasuwa. Gajeren mutum ne mai ƙaramar murya. In yana yankan fata ko sallama ka yi masa, sai wuƙar ta kai ƙarshen layi zai amsa. Yana ɗinka takalma da kube da matashin kai, amma abin da aka fi saninsa da shi alabe ne, 'yar jakar fatar nan mai ninki da aljihuna, wadda maza ke sa kuɗi da takardu a ciki.

A zamanin mahaifinsa da karan dafi ake rina jar fata, a jiƙa shi da ruwan toka a shafa a bayan fatar. Aiki ne mai cin lokaci, jan kuma mai duhu ne, ba ya ɗaukar ido. Zuwa zamaninmu galura ta shigo, garin rinin nan na gwangwani mai haske da saurin kamawa, masu saye suka ce ita suke so. Dukawa da yawa suka koma tsoma fata gaba ɗaya cikin kwano, ta fito jawur ciki da bai. Sahabi ma haka yake yi. Sai dai shi yana barin fatar ta sha iska kwanaki, ya goge ta da tsumma sosai, kafin ya yarda ta bar rumfarsa.

A cikin Fulanin da nake bi akwai wani dattijo mai suna Jaɓɓi, rugarsa tana dajin Maradun. Lokacin da makiyayan wajen ke gudun allura suna cewa tana sa saniya ɓari, shi ne ya fara koro garkensa gabana, sauran suka biyo. Wata damina babur ɗina ya lalace, na yi kwana uku a rugarsa, ya bar mini bukkarsa ya koma ta ƙanensa. Na daɗe ina neman abin da zan ba shi.

Shekara sha ɗaya ke nan yanzu. A lokacin satar shanu ta yi ƙamari, duk wanda aka gani yana kora dabba a hanya sai an tambaye shi takarda. Jaɓɓi yana da nasa: takardar shaidar ɗan ƙasa ta wucin gadi mai hotonsa, da katin allurar shanunsa mai sa hannuna, da rasit na duk dabbar da ya saya a kara, wato kasuwar dabbobi. Yakan ƙunshe su a ledar burodi ya cusa a aljihun ƙirji. Na sha yi masa tsiya a kan ledar nan, ina cewa dattijo mai garke irin nasa bai kamata ya riƙa warware leda gaban mutane ba. Daga nan tunanin alabe ya zo mini.

Ranar Juma'a na sa Sahabi aikin, na ce ja nake so, kuma ran Talata nake so, domin Jaɓɓi zai shigo kasuwa sayen bijimai. Tsakiyar damina ce, rana ba ta cika fitowa ba. Na yi ta sintiri a rumfarsa har ya ɗinka. Da safiyar Talata na je na tarar da alaben a gefen tabarmarsa, ya buɗe shi ya kifa a kan wani ɗan itace.

"Labbo, wanga alabe bai kai ba," in ji shi. "Fatar ba ta sha iska ba, ban goge cikinta ba. Ka bar mini shi har wata Talata."

Na ce wata Talatar Jaɓɓi ba zai shigo ba, ni kuma ban san ranar da zan koma dajinsu ba. Na ce masa ai rini ne, ba guba ba. Na sunkuya na ɗauki alaben da hannuna. Bai miƙo mini ba, bai kuma hana ni ba. Ina juyawa ya ce, "To ka gaya mashi kada shi sa takarda ciki sai ya kwana bakwai a inuwa."

Ban gaya masa ba. Abin da na yi ya ma fi haka muni. Na sami Jaɓɓi a kara ya gama cinikin bijimai biyu, na ba shi alaben, ya yi ta juya shi yana murna. Na karɓi ledarsa, na warware, na jera takardun nan a aljihunan alaben ɗaya bayan ɗaya, har da sabon rasit ɗin da aka rubuta masa a ranar. Ledar kuwa na dunƙule ta na jefar. Na tuna da gargaɗin Sahabi sarai. Na ɗauke shi irin tsantsenin masu sana'a ne da ba sa son a ce aikinsu ya ƙare.

Da ƙafa Jaɓɓi ya kora bijiman nan. Ruwa ya kama shi a hanya, ya kwana a wani ƙauye da jiƙaƙƙiyar riga, washegari rana ta buɗe ya yi ta zufa. Kafin ya kai Maradun wasu masu tsaron hanya suka tare shi. Ba zan faɗi ko su wane ne ba. Mutane ne da aka kashe wa 'yan'uwa aka kore wa dabbobi, tsoro da fushi suka fito da su bakin hanya, kodayake wannan bai wanke abin da suka yi ba. Suka ce ya kawo takarda. Ya ciro alabe da ƙarfin gwiwa ya buɗe. Takardun sun manne da fata, sun yi ja kamar an tsoma su a kwano. Hoton ya zama tabo. Rasit ɗin da biro aka rubuta shi, babu harafi ɗaya da ke karantuwa. Suka ce bijiman na sata ne, suka tafi da shi suka tsare.

Sai kwana na biyar ƙanensa ya same ni a ofis. Na nemi takarda daga wajen manyan gari, na ɗauki littafin da nake rubuta garkunan da na yi wa allura, muka yi ta bin ƙafa. Ranar kwana na tara aka sake shi. Kunnensa na hagu ya daina ji, yatsu biyu na hannun damansa sun karye sun kama a karkace. Bijiman ba a sake ganinsu ba.

Bayan kamar wata guda, wata Talata ina zaune a rumfar Sahabi, sai ga Jaɓɓi. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da dabbobi da jiki. Sannan ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro alaben ya ajiye a tabarma.

"Baduku, ban zo faɗa ba," in ji shi. "Na ce bari in kawo ka gani, kada wani shi sha abin da na sha. Likita kyauta ya yi mini don alheri, ba ni da magana a kanshi."

Sahabi ya buɗe alaben. Ya daɗe yana kallon takardun. Ya gwada ɓamɓaro ɗaya da farce ta yage. Maƙwabtansa dukawa sun matso, masu wucewa sun tsaya. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Sai ya juya wajen Jaɓɓi ya ce, "Aikina na. Daga rumfata ya fita. Ka yafe mini don Allah."

Kafin la'asar kasuwa duka ta ji. Aka ce alaben Sahabi yana cin takarda, aka ce ya jawo wa Bafulatani ɗauri. Fulani suka daina tsayawa a rumfarsa, kuma su ne rabin masu sayen kayansa. 'Yan gari ma suka ja baya. Ni kuwa na yi ta ba kaina dalilai. Ni ma'aikaci ne, kullum ina cikin daji, in makiyaya suka ji ni ne sanadi wa zai sake koro mini garke? Sau ɗaya tak na buɗe baki a gabansa, muna dawowa daga masallaci. Na ce, "Sahabi, ai ka san ni ne..." Ya katse ni.

"Ka ɗauka ina kallo. Da na tashi na karɓe, ban tashi ba. Kai kana shiga daji wajen mutanen ga, ni ina nan rumfa. Bar shi yadda shike."

Na bar shi yadda yake, kuma na ji daɗin barin. Wannan jin daɗin shi ya fi damuna yau.

Na sha ce masa ƙila ko takardun na nan garau mutanen nan ba za su saurara ba. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne mutum ya ba aikinsa amanar takarda, aikin ya ci ta. Daga nan ya shiga neman yadda rini ba zai sake taɓa abin da ke cikin alabe ba, ko da an ɗauke shi da wuri, ko da ruwa ya doke shi. Shekara biyar ɗin da suka rage masa a wannan neman suka tafi.

Ya fara daina tsoma fata. Ya koma shafa rini da tsumma a baya kaɗai, ya bar cikin da farinsa. Ya ga galurar tana ratsowa in fatar ta yi siriri, sai ya rage ƙarfinta ya riƙa shafawa sau uku, yana bari kowace shafa ta bushe. Ya gane cewa man gyaɗar da dukawa ke labtawa don fata ta yi laushi shi ke narkar da rini in rana ta yi zafi, ya rage shi sosai. Ya gwada shafe cikin da ruwan ƙaro ya murje da gindin kwalba har ya yi santsi. Ya yi kyau da rani, da damina ta zo ƙaron ya yi danƙo, sai ya ƙara kakin zuma a kai. Ya gwada sa leda tsakanin fata da takarda, ya tarar ledar tana tara gumi, tawada kuma tana mannewa a jikinta, ya watsar. A ƙarshe ya tsaya a kan shafi. Yakan sami siririyar fatar tunkiya da aka jeme da bagaruwa ba a rina ba, ya shimfiɗa ta a cikin kowane aljihu. Ko a nan bai huta ba, domin ya lura jan yana lallaɓowa ta bakin yanka da ta zaren ɗinki. Ya koma ninke shafin ya rufe bakin, ya riƙa ɗinka ciki da farin zare.

Kuma ba alaben da zai bar rumfarsa sai an gwada shi. Yakan jiƙa farar takarda ya sa a kowane aljihu, ya danne da dutse ya bari ta kwana. In ta fito da ko ɗigon ja, ya farke ɗinkin. Da bazara har sawa yake a aljihun ƙirjinsa ya wuni da shi cikin zufa. Alaben da a da yake gamawa cikin kwana biyu ya koma cin mako.

Bai tsaya a sababbi ba. Ya riƙa rufe rumfa yana hawa mota zuwa kasuwar Bakura da ta Maradun, yana tsayar da duk wanda ya gane da tsohon aikinsa, yana roƙon a ba shi ya sa shafi kyauta. Wasu suka ba shi, wasu suka yi masa dariya. 'Yan'uwansa dukawa kuwa haushi suka ji, domin masu saye sun fara jiƙa bakin riga da yawu suna goga cikin kaya kafin su taya. Wani babba a cikinsu ya ce masa a gabana, "Kai ka ɓata, mu kake son mu biya." Sahabi bai tanka ba. Ni ma ban tanka ba.

Jaɓɓi bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shekarar da ta biyo baya ya kwashe iyalinsa da sauran shanunsa ya yi kudu. Sahabi ya ɗinka masa wani alabe mai shafi, ya ba ni in kai, na je na tarar da kufai. Daga baya aka ce wani ɗansa bai bi shi ba, ya shiga daji wajen masu bindiga. Ban tabbatar ba, ban kuma gaya wa Sahabi ba, amma ina zaton ya ji, domin akwai lokacin da ya daina tambayata labarinsu kwatsam.

Yanzu nakan zauna ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Shaidar ɗan ƙasa ta koma katin roba, matasa ma a waya suke nuna tasu. Teburan bakin tasha cike suke da alabe na roba mai kama da fata, wanda ke saɓulewa cikin wata uku. Majema suna kukan bagaruwa ta yi wuya, saboda ba mai iya shiga dajin da ake kaɗo ta. Rugagen da na yi shekaru ina bi, yau ko an ba ni babur sabo ba zan doshi hanyarsu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a hanyoyin nan yanzu takarda ba ta ceton kowa. Masu tare hanyar yau ba su tambayar ta. Sahabi ya ƙarar da idonsa don takardar bawan Allah ta isa inda za ta je lafiya, ga shi mun shiga zamanin da ba a duba ta. Ban san ko zai ce wahalarsa ta tafi a banza ba. Zatona zai yi shiru ne kawai ya ci gaba da yanka.

Makon jiya na je gidansa. Matarsa Tumba tana nan, ta tsufa, babbar 'yarsu ce ke kula da ita. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki. Muka gaisa, muka yi wa marigayi addu'a. Sannan na faɗa mata komai, tun daga Juma'ar da na sa aikin har ledar da na jefar. Na yi zaton za ta ce ta sani, mijinta ya gaya mata. Da haka na kwantar da hankalina a hanya. Ashe bai gaya mata ba.

Ta ɗago ta dube ni.

"Malam Labbo," in ji ta, "shekara sha ɗaya. Shekarar da anka daina sayen kayanshi, kai kaɗai ke shigowa gidan ga kana ba shi haƙuri. Ina jin ka daga ɗaki ina sa maka albarka."

Na ce ta yafe mini.

"Ban ce ba ni yafewa ba. Amma ba yau ba. Ba a ɗakina anka ci mutuncinshi ba, a kasuwa na. Ka tafi can ka faɗa."

Talatar da ta wuce na je. Layin dukawa ya tsuke, rumfuna kaɗan suka rage, ta Sahabi ma mai cajin waya ne a ciki. Na yi sallama na ce ina da magana, suka ajiye basilla suka saurare ni don girman furfura. Na faɗa musu tun daga farko. Babban nan da ya yi masa gori ya rasu. Waɗanda suka tsaya kallo ranar da Jaɓɓi ya zo, wasu sun mutu, wasu sun bar gari. Mutanen da ke gabana magidanta ne da suka kama sana'ar daga baya, ba wanda ya taɓa jin labarin. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, wane Sahabi? Mai gwajin farar takarda?" Na ce shi. Ya ɗaga wani dutse a gefensa, ga alabe uku a ƙasa, kowanne da jiƙaƙƙiyar takarda a ciki. Ya ce su dai haka suka tarar ana yi, shafin ma shafin Sahabi suke ce masa. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya koma kan ɗinkinsa.

Na bar kasuwar. Na faɗi gaskiya a wurin da ya kamata, amma a lokacin da ba ta da sauran amfani ga wanda aka zalunta. Sunansa ya wanku ba tare da ni ba. Aikin hannunsa ne ya wanke shi, a shekarun da nake zaune kusa da shi bakina a rufe. Abin da ya rage na Sahabi ke nan: 'yan magidanta a layin dukawa da ba su yarda kaya ya bar hannunsu sai sun tabbata ba zai ɓata abin mutane ba, ba su ma san dalilin da ya sa aka fara ba. Ba abu ne babba ba a idon duniya. Bai mayar wa Jaɓɓi lafiyarsa ba, bai gyara hanyar Maradun ba. Amma na auna shi da abin da ni zan bari, na ga ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba.

Allah ya jiƙan Sahabi, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da rufin asirin da ya yi mini alhali ban cancanta ba. Ya sa Jaɓɓi na raye cikin aminci duk inda yake. Tumba ta ce in ta shirya za ta aiko 'yarta ta kira ni. Har yau da nake wannan rubutu ba ta aiko ba, ban kuma ga laifinta ba. Ina nan ina jira.